Fulorayid da ciwon tayirod: amsa ga wata mai juna biyu

Tambaya: Likita, an gwada jinina an ce tayirod ɗina, wato 'yar tsokar nan ta gaban wuya, ya yi sanyi, ba ya aiki yadda ya kamata, an ɗora ni a kan magani. Yanzu kuma ina ɗauke da cikin wata biyu. Na karanta cewa fulorayid da ke cikin ruwan sha da man goge baki yana korar aidin, wato sinadarin da ake sa wa gishiri, daga jiki, kuma shi ke kawo wannan ciwo. Gaskiya ne? In na rabu da su, zan iya ajiye maganin?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya kuma sauke ki lafiya. Zan fara da ƙarshen tambayarki, domin shi ya fi tayar min da hankali. Kada ki ajiye maganin nan. Jaririn da ke cikinki a yanzu ba shi da tayirod mai aiki. Nasa ba ya fara motsi sai wajen mako na 10 zuwa 12, kuma ba ya iya riƙe kansa sai wajen tsakiyar ciki. Kafin nan, da homon ɗin da ke cikin jininki, wato sinadarin da tayirod ɗinki ke fitarwa, ake gina ƙwaƙwalwarsa. Yawancin mata masu shan lebotayiroksin, wato maganin sanyin tayirod, ƙari ma ake yi musu idan suka samu ciki, sau da yawa kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin abin da suke sha a da. In likitanki bai san kina da ciki ba, ki sanar da shi cikin makon nan.

Na taɓa ganin wata mata da ta yi abin da kike tunanin yi. Ta jefar da man goge baki, ta daina shan ruwan famfo, ta kuma ajiye ƙwayar maganinta da zaton ta kawar da tushen ciwon. Bayan 'yan watanni aka kawo ta. Fatar idonta ta kumbura, muryarta ta dushe, ana zafi tana lulluɓe da mayafi mai kauri, in na yi mata tambaya sai ta yi jim kafin amsa ta fito. Da na taɓa hannunta na ji fatar a bushe, da sanyi. Ciwonta na Hashimoto ne, wato garkuwar jikinta ce ke cin tayirod ɗinta, kuma canjin ruwan sha ba ya tsayar da wannan. Har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci, don wahalar da ta sha ba dole ba ce.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Maganar da kika karanta tana da tushe, an dai cakuɗa gaskiya da ƙari ne, kuma ya kamata mu tsefe su.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi. Aikinsa shi ne ya tsinto aidin daga jini ya haɗa homon biyu, T4 da T3. Lambobin nan adadin ƙwayoyin aidin ne da ke jikin kowanne. T4 ne ya fi yawa, amma T3 ne mai aikin gaske, don haka hanta da ƙoda da sauran gaɓoɓi suke cire ƙwayar aidin ɗaya daga T4 su mayar da shi T3. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa kuma akwai wani ɗan ƙullutu, fituwitari, mai sa ido. In ya ga homon ya yi ƙasa sai ya aiko da TSH, tamkar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa a tashi a yi aiki. Shi ya sa hawan TSH a gwajin jini ke nuna tayirod ya yi sanyi: ana ta ƙwanƙwasawa, na ciki bai amsa ba.

Batun cewa fulorayid yana korar aidin ya samo asali ne daga darasin kimiyyar sinadarai. Fulorin, wanda daga gare shi ake samun fulorayid, da kulorin da buromin da aidin 'yan gida ɗaya ne a jadawalin sinadarai, fulorin kuma ya fi su zafin nama, sai aka ce ai shi zai ture aidin ya zauna a gurbinsa. Wannan ya yi daɗin ji, amma jiki ba haka yake aiki ba. Ƙofar da aidin ke bi ya shiga tayirod tana zaɓe ne da girman ƙwaya da siffarta. Abubuwan da suke gogayya da aidin a bakin wannan ƙofa su ne masu girma irin nasa, kamar pakulorat, da tayosayanat wanda ke cikin hayaƙin taba sigari. Ƙwayar fulorayid ƙarama ce, tana yawo a naɗe cikin ƙwayoyin ruwa, kuma tayirod ba ya tara ta yadda yake tara aidin. Inda fulorayid ke taruwa shi ne ƙashi da haƙori. Kusan kashi 99 cikin 100 na wanda ya zauna a jiki yana can ne, wanda bai zauna ba kuma ƙoda ke fitar da shi a fitsari.

Hanyoyin da masana suke zargi wasu ne daban. A gwaje-gwajen dabbobi da na ƙwayoyin halitta an ga fulorayid mai yawa yana rage ƙarfin famfon sodiyam da ke ba ƙofar aidin kuzari, yana taɓa masu mayar da T4 zuwa T3, kuma idan ya haɗu da alminiyam yana iya rikita saƙon da TSH ke isarwa cikin ƙwayar halitta. Sai dai yawancin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne da adadin da ya ninka na ruwan famfo sau da yawa. Wannan kalma, adadi, ita ce bakin zaren maganar duka.

Likitocin zamanin da ma sun san da haka. Daga shekarun 1930 zuwa na 1950 wasu likitoci a Turai da Kudancin Amurka sun riƙa ba masu tayirod mai wuce gona da iri fulorayid don su rage masa zafi. A 1958 Galletti da Joyet a Switzalan sun ba marasa lafiya 15 miligiram 2 zuwa 10 a rana, aka ga sauƙi a jikin 6 daga cikinsu. Masu adawa da fulorayid suna yawan kawo wannan hujja, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma a lura, mutanen nan tayirod ɗinsu ya riga ya lalace ta wata fuskar, kuma fiye da rabinsu maganin bai yi musu komai ba. Rashin tabbas ɗinsa ne ya sa aka yi watsi da shi da aka samu magunguna masu inganci.

Ga ma'aunan da ake aiki da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Garuruwan da ke ƙara fulorayid a ruwan famfo don kare haƙori, abin da aka fara a Grand Rapids ta Amurka a 1945, suna tsayawa ƙasa da haka. A 2015 hukumar lafiyar Amurka ta ba da shawarar 0.7. A gefe guda kuma akwai wuraren da ba wanda ya zuba komai, duwatsun ƙarƙashin ƙasa ne ke narka fulorayid cikin ruwan rijiya, kamar sassan Indiya, arewacin Sin da kwarin Gabashin Afirka, inda ake samun 4, 5, har fiye da 10. Mai shan 0.7 da mai shan 8 ba abu ɗaya suke sha ba, ko da sunan sinadarin ɗaya ne. Yawan rikicin da ake yi a intanet ya taso ne daga ɗauko sakamakon wancan a liƙa wa wannan.

A 2006 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da wani babban rahoto a kan fulorayid na ruwan sha. A cikinsa akwai wasu lambobi da nake ganin sun fi komai amfani gare ki. Rahoton ya ce an danganta taɓuwar aikin tayirod a jikin mutum da shan miligiram 0.05 zuwa 0.13 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, idan mutum na samun isasshen aidin. Idan kuwa aidin ya gaza, iyakar tana saukowa zuwa 0.01 zuwa 0.03.

Mu yi lissafi da wannan. Mace mai kilo 60 tana shan lita 2 na ruwa mai 0.7 a rana. Ta sha miligiram 1.4 ke nan, wato kimanin 0.023 a kan kowane kilo. In aidin ɗinta ya wadata, ba ta kai ko rabin ƙasan iyakar ba. In aidin ɗinta ya gaza, tana tsakiyar iyakar. Ruwa ɗaya, mace ɗaya, abin da ya bambanta su aidin ne kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yanzu ki mayar da ita inda rijiya ke da miligiram 4, ana zafi tana shan lita 3. Miligiram 12 ke nan, 0.2 a kan kowane kilo. Wannan ta zarce iyakar ko aidin ɗinta ya cika ko bai cika ba, kuma ita ce wadda ta fi damuna a cikin su duka.

Binciken da aka yi bayan wannan rahoto ya bi wannan hanya, ko da yake da tuntuɓe. A 2015 Stephen Peckham da abokan aikinsa na Jami'ar Kent suka duba bayanan ɗakunan shan magani na Ingila, suka ba da rahoton cewa sanyin tayirod ya fi yawa a yankunan da ruwansu ya fi fulorayid. Da suka kwatanta yankin West Midlands, inda ake ƙarawa, da Greater Manchester, inda ba a ƙarawa, suka ce yiwuwar a samu yawan masu ciwon a na farkon ta kusa ninka ta na biyun. Jaridu suka yi ta yayatawa. Amma binciken bai auna abin da kowane mutum ya sha ba, bai kuma auna aidin ɗin kowa ba, unguwanni ya kwatanta da unguwanni, kuma masana da yawa sun soke shi a kan haka. Ni ma ba na ɗora hukunci a kansa.

A Kanada an yi aikin da ya fi wannan tsafta, domin sun auna fitsari da jinin mutane ɗaya-ɗaya. Binciken 2017 bai ga alaƙa tsakanin fulorayid da ciwon tayirod a cikin jama'a gaba ɗaya ba. Shekara ɗaya bayan haka Ashley Malin da abokanta suka sake duba bayanai daga wannan babban binciken lafiya na ƙasa, amma suka ware masu ƙarancin aidin gefe. A cikin waɗannan, duk ƙarin miligiram 1 na fulorayid a litar fitsari ya zo da ƙarin TSH na kimanin 0.35. A cikin masu isasshen aidin ba a ga wannan hawan ba. Ƙarin 0.35 ba babba ba ne, ganin cewa iyakar TSH ta lafiyayyen baligi tana tsakanin 0.4 da 4 ne a yawancin ɗakunan gwaji. Amma ga wadda ke bakin gaɓa, ɗan turi kaɗan ya isa.

Wanda ya shafe ki kai tsaye shi ne na 2023, shi ma daga Kanada, wanda Meaghan Hall da abokan aikinta suka yi a kan mata masu juna biyu. Sun samu cewa ƙarin miligiram 0.5 a litar ruwan famfo ya zo da ƙarin yiwuwar sanyin tayirod sau 1.65. Ba zan ɓoye miki wannan ba, kuma ba na cikin masu ɗaga masa hannu su wuce. Sai dai bincike ne na lura, yana nuna abu biyu sun zo tare ne kawai, kuma alaƙar da aka gani da ruwan famfo ba ta fito haka ba da aka dubi fulorayid na fitsarin matan. Sai kuma a 2024 wasu masu bincike, Iamandii da abokan aikinta, suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban suka zana layi ɗaya. A jikin yara, TSH kusan bai motsa ba a ƙananan ma'aunai, ya fara hawa ne daga wajen miligiram 2.5 a lita zuwa sama.

Ga yadda nake karanta wannan duka. Sama da miligiram 2 a lita, fulorayid yana taɓa tayirod, kuma hujjar ta isa a ɗauki mataki. A 0.7, ga mai isasshen aidin da lafiyayyar ƙoda, ban ga dalilin fargaba ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai mutanen da ya kamata a yi musu kallo na musamman: mai ƙarancin aidin, mai ciwon ƙoda wanda jikinsa ba ya fitar da fulorayid da kyau, jariri da ake dama wa madarar gwangwani da ruwa, da mai juna biyu irinki. Abin da ke ba ni haushi a wannan muhawara shi ne yadda ake ta ja-in-ja a kan 0.7 a ƙasashe masu arziki, alhali miliyoyin mutane suna shan ninkin-ba-ninkinsa daga rijiyoyin da ba a taɓa gwadawa ba, kuma ba mai magana a kansu.

Saboda haka abu na farko da za ki yi shi ne ki san ruwanki. Fulorayid ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ruwa zai iya zama garau yana ɗauke da miligiram 6. In ruwan famfo kike sha, hukumar ruwa tana da ma'auninsa. In rijiya ce, musamman burtsatse mai zurfi, a ɗebi kwalba ɗaya a kai ɗakin gwajin ruwa. Kafin sakamako ya fito, ki dubi haƙoran yaran da suka tashi suna shan wannan ruwa. Ki sa yaro ya buɗe baki a wurin haske, ki share haƙoran gaba da tsumma mai tsafta su bushe. In kika ga siraran layuka farare kamar an ja alli a kwance, ko ɗigo-ɗigon fari fat marar sheƙi, wannan alamar farko ce. In ya kai ga tabo ruwan ƙasa da 'yan ramuka a jikin haƙorin, kuma kin ga haka a yara da yawa, to ruwan ya wuce iyaka. Tabon yana samuwa ne lokacin da haƙori ke ginuwa a cikin dasashi, kafin shekara 8, don haka labarin ruwan shekarun baya yake ba ki.

In gwaji ya nuna ya haura 1.5, a canza ruwan sha da na girki. Wanka da wanki ba komai, fulorayid ba ya ratsa fata ta wannan hanya. Kada ki dogara da tafasawa. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ruwa ne ke tashi a tururi ya bar fulorayid a tukunya, sai ma ya ƙara kauri. Ƙananan matatan gawayi da ake ɗaurawa a bakin famfo su ma ba sa cire shi. Abin da ke cirewa shi ne na'urar da ke matsa ruwa ta cikin siririyar fata da ƙarfi, ko matacin alumina, ko gawayin ƙashi, ko a tafasa ruwa a tari tururinsa. In kina yawan shan shayi ki rage, domin ganyen shayi yana tara fulorayid daga ƙasa, tsofaffin ganye kuma sun fi yawa. Nonon uwa kuwa kusan ba ya ɗauke da fulorayid, ko da uwar tana shan ruwa mai shi.

Man goge baki ki ci gaba da amfani da shi. Yawanci yana ɗauke da miligiram 1 zuwa 1.5 a kowane giram. Abin da ya kai girman ƙwayar wake kimanin rubu'in giram ne, wato bai kai rabin miligiram ba, kuma yawancinsa tofarwa kike yi. Ɗan abin da ke saura bai kai a yi maganarsa ba idan aka kwatanta da ruwan sha, ga shi ciki yana sa dasashi kumburi, amai kuma yana cin haƙori. Yara ƙanana ne ake sa wa ido don suna haɗiyewa. Ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, wanda ya fi haka kamar ƙwayar wake, babba yana tsaye a kansa.

Sai aidin. Baligi yana buƙatar maikurogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250 a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ki tabbata gishirinki mai aidin ne, ki ajiye shi a rufe nesa da danshi da zafin murhu, don aidin yana tashi. Ki duba takardar maganin ƙarin jini da bitamin da aka ba ki a awo, domin ba kowanne ke ɗauke da aidin ba, ki kuma nuna wa likitanki. A nan zan ja kunnenki da gaske. Masu yaɗa maganar korar aidin sukan bi ta da tallar ɗigon aidin ko ƙwayoyin ciyawar teku, wai don a wanke fulorayid daga jiki. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Aidin mai yawa yana iya rufe tayirod, musamman ga mai Hashimoto, yana kuma tsallakawa ta mabiyiya ya taɓa na jariri.

Ban ga takardar gwajinki ba, amma a wuraren da aidin ya wadata Hashimoto ne ya fi kawo sanyin tayirod, kuma mata ya fi kamawa. Akwai gwajin jini da ke nuna shi, ana kiransa anti-TPO. In ba a yi miki ba ki nema, don zai amsa miki tambayar da ke cin ranki, wato me ya jawo. Ki sha ƙwayar maganinki da safe cikinki ba komai, da ruwa zalla, ki jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ki ci wani abu. Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam suna hana shi shiga jiki, don haka ki sa tazarar awa 4 tsakaninsu. A riƙa auna miki TSH kusan duk bayan mako 4 har zuwa tsakiyar ciki. Ranar da za ki koma asibiti, ki tafi da sakamakon gwajin ruwan tare da na jinin, ki ajiye su biyun a gaban likita.